Idon Jaririyar Ƙanena

A shekarar da aka haifa wa ƙanena 'yarsa ta fari, ina aiki ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani ƙaramin asibiti a Maiduguri. Bazara ce mai zafi, ko inuwar dogon yaro ba ta sanyaya jiki, ga sanƙarau ya shigo gari. Kusan kullum sai an kawo mana ruwan da likita ya zuƙo daga bayan wani yaro mai sandararren wuya. Na mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau kuwa kamar ruwan wankin shinkafa. Nakan shafa shi a gilashi, in rina, in leƙa ta madubin da muke duba ƙwayoyin cuta da shi. Idona ya saba da su har ba na ɓata lokaci: jajaye ne, bibbiyu, suna fuskantar juna kamar ƙwayar wake da aka ɓare.

Ƙanen nawa direba ne, yana ɗauko shinkafa daga Zabarmari zuwa kasuwar Gamboru. Shi da matarsa suna zaune tare da mahaifiyarmu a Gomari, a gidan kuma aka yi haihuwar. Kafin suna na biya bayan na tashi aiki. Na tarar da ɗakin ya cika da ƙamshin turaren wuta, mai jego tana zaune a bakin gado. Da na buɗe zanin jaririyar sai na dubi fuskarta. Idanunta sun kumbura sun rufe ruf, mugunya mai kauri tana fitowa, kana gogewa wata na biyo baya.

"Ciwon ido ne na jarirai," in ji mahaifiyarmu. "Ana ɗiga mata nono. Ke ma kin yi shi."

"Iya, wannan ba irinsa ba ne. Asibiti za mu yanzu."

Ta juya harshe zuwa Barbarci, yadda take yi idan ranta ya ɓaci, ta ce ba a taɓa fita da mai jego kafin suna a gidanta ba. Na ce to mai jego ta zauna, ni zan ɗauki yarinyar. Ban rufe baki ba matar ƙanena ta miƙe da kyar, ta naɗa laffayarta, ta ce, "Yaya, mu tafi." Muka tari keke mai ƙafa uku muka nufi asibitinmu.

Likita ya lakato mugunyar da auduga, ni na karɓa na rina. Ina leƙawa na gan su, jajaye, bibbiyu, sun cika cikin mugunyar. Da a ruwan baya na gan su, da na ce sanƙarau ne. Amma ƙwayar sanƙarau tana da 'yar'uwa da suke kama kamar an tsaga kara, ita ce mai kawo ciwon sanyi irin wanda ake ɗauka ta saduwa. Idan uwa tana ɗauke da ita, ko da ba ta jin komai, jariri kan kwasa a ido lokacin fitowa. In aka yi sakaci tana iya cinye idon cikin ɗan lokaci. Na tashi na kai wa likita sakamakon.

Nan take aka yi wa jaririyar allura, aka ba su gado, ma'aikatan jinya suka shiga wanke mata ido a kai a kai. Likitan ya keɓe da uwar ya yi mata bayani, ya ce ita ma za a yi mata magani, kuma dole mijinta ya zo. Da na shiga ɗakin ta kama hannuna.

"Yaya, ni ban san kowa ba sai shi."

"Na sani."

"To ke za ki faɗa masa. Ni idan na buɗe baki, abin da zai fito ba mai daɗi ba ne."

Mahaifiyarmu da ta biyo mu da kwanon abinci ta tare ni a baranda, tana tambaya ko sanƙarau ɗin da ake ta faɗa ne. Na ce mata 'yar'uwarsa ce, kuma tana da magani. Ta dube ni ta ƙara dubana, sannan ta wuce ciki da kwanon.

Ƙanena ya zo da yamma, ya tsaya daga bakin ƙofa. Da aka ce masa likita na son ganinsa, sai ya ce bari ya gyara fakin. Bai dawo ba. Washegari wayarsa a kashe. Na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini ɗakin, na hau keke sai Gamboru. Na same shi a gefen motarsa ana sauke buhuna, rana ta take. Na ja shi gefe inda 'yan dako ba za su ji ba, na faɗa masa abin da na gani, ban rage komai ba.

"Haba Yaya," ya ce, yana kallon ƙasa. "Wannan ai tun tuni ne. Na sha kafso a kemis, ya wuce."

"Bai wuce ba. Jiya na gan shi a idon 'yarka."

"To wa ya ce daga gare ni ne?"

Na ce, "Ban zo tambayarka inda ka je ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka da matarka ne. Na zo in kai ka a yi maka allura. In an warkar da ita kai ba a warkar da kai ba, za ka sake mayar mata."

Ya ce in bari ya gama sauke kaya, zai zo da kansa. Na san wannan zuwan. Sai na buɗe gaban motar na shiga na zauna, na aza jakata a cinya. Kujerar kamar an ɗora ta a kan garwashi. Ya leƙo ta taga ya ce mutane na kallo. Na ce su kalla, duk inda motar nan za ta yau da ni za ta, ko Zabarmari ne. Na ga ya zagaya, ya yi waya, ya sayi ruwa ya sha, ya sake zagayawa. Gumi ya jiƙa mini mayafi, ban sauko ba. Da aka sauke buhun ƙarshe ya shigo ya tayar da mota, muka kama hanya har ƙofar asibiti.

Kafin ya ga likita na bi da shi ta ɗakin da suke. Ana cikin wanke wa yarinyar ido, tana tsala kuka. Matarsa ba ta ɗago ba. Ya tsaya yana kallo, can ya ce a hankali, "Za ta gani?" Na ce muna sa rai, tun da an zo da wuri. Daga nan shi da kansa ya tambayi inda ofishin likitan yake.

An raɗa suna a ƙofar gida, mai sunan tana asibiti. A ranar ne kumburin ya saɓe har ta buɗe ido, likita ya haska ya ce ƙwayar idon lafiya lau, sai ɗan tabo a gefen na hagu wanda ba zai hana ta gani ba. Da aka sallame su, uwar ta wuce gidan iyayenta wankan jego, ta kuma zarce arba'in da nisa. Ƙanena ya yi ta sintiri yana biko. Sharaɗin da ta kafa kafin ta koma shi ne su zo tare a sake gwada su, kuma ba ni zan yi gwajin ba, don kada a ce na rufa wa ɗan'uwana asiri. Abokiyar aikina ce ta yi, duka biyun suka fita lafiya.

Ni da shi mun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu, daga baya muka koma hira kamar da. Yarinyar yanzu tana firamare. Ranar Asabar a gidana take wuni, ita ke zura mini zare a allura idan zan yi ɗinki.