Ranar da Malami Ya Karanta Tarina a Gwiwa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka karanta tarina a gaban 'yan aji uku a wata firamare ta Gwiwa ba. Tari nake nufi, irin na mura. Ku da aka ɗauka sabbi a wannan aiki, ku matso ku ji. Ina faɗa ne Malama Asabe tana rubutawa, don ni ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana, sai in ɗauka in ƙunsa daddawa a ciki.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda bai sani ba. Ofishinmu na nan Kazaure littattafan karatu yake shirya wa yaran firamare. Ni an ɗauke ni ne a matsayin mai ba da labari, har da kati mai hotona na ratayawa a wuya. Shekarar farko ko gidan suna zan je da shi nake tafiya. Mai ba da labari ɗaki ake shigar da ita a rufe ƙofa, a ɗauki muryarta a na'ura. Daga nan mai bugu, wato Malama Asabe, ta saurara ta buga a kwamfuta. Sai shugaban sashe, a lokacin Alhaji Sa'idu ne, ya duba. Abu na ƙarshe shi ne gwaji: a kai takardar wata makaranta, malamin da bai taɓa jin labarin ba ya karanta wa ajinsa. In labari ya kama yara, ya shiga littafi. In bai kama su ba a cire shi, kuma ba a sake kawo shi.

Labarin da na kawo a waccan daminar, na kakata ne, a Roni ta ba ni shi ina yarinya. Wata tsohuwa ce mai rowa ta ɓoye damin geronta a tsagin dutse don kada maƙwabta su roƙa. Kullum sai ta je ta ce, "Dutse, dutse, ina ajiyata?" Dutse ya ce, "Tana nan yadda kika bari." Ana haka har ruwa ya shiga tsagin, gero ya tsiro, ya tsaga dutsen, gari duka ya ci. Cikin waɗanda suka ji shi daga bakin kakata ni kaɗai na rage. Jikokina kuwa waya ta ɗauke musu kunne. Na san in bai shiga littafin nan ba, tare za a binne mu.

Ranar ɗaukar murya na tashi da mura, ga kuma goro a bakina, don ba na iya labari babu goro. Aka rufe ni a ɗaki, na ce "Ga ta nan, ga ta nanku," na jira. Ba wanda ya amsa. Ni da na tara yaran unguwa shekara da shekaru, sai ga ni ina kallon wani ƙarfe mai kan soso kamar zai ce mini ta zo mu ji ta. Haka na yi ta lallaɓawa. Duk inda tsohuwa ta tambayi dutse sai in tsaya, bakina a buɗe, ina jiran yaran da ba su nan. Na fito ina jin kunyar wuraren nan kamar wadda zaninta ya kwance a kasuwa.

Da Malama Asabe ta gama bugawa, ta kira ni ta karanta mini. Kalmomin nawa ne, ba ta rage ko ɗaya ba, amma labarin ya fito kamar sanarwar ɓatan akuya.

Na ce, "Malama, ina muryata?"

Ta ce, "Iya, takarda ba ta ɗaukar murya. Alamomi ne ke riƙe ta." Ta nuna mini su da yatsa. Wata kamar ƙwayar gero, ta ce aya ce, nan ake tsayawa. Wata kamar geron da ya fara tsiro, waƙafi, nan ake shan iska kaɗan. Wata kamar lauje, ta tambaya. Wata kamar taɓarya a tsaye, ta motsin rai.

Na ce, "Su ke nan?"

"Akwai wasu 'yan kaɗan, amma su ne manyan."

"To ina ta inda zan rage murya yara su matso? Ina ta jan magana? Duk malaman duniya sun taru, abin da suka iya ke nan, gero da lauje?"

Ta yi dariya ta ce, "Sai ki ƙera naki, Iya."

Da wasa ta faɗa. Ni kuwa ban san wasa ba a kan aiki. Na karyo tsinken tsintsiya, na jawo ɗan kushin tawadar da ake dangwala yatsa a ciki, na ce ta kunna na'ura ta riƙa bin takarda da yatsa. Inda na rage murya na zana sawun kaza. Inda na ja magana na ja wani ɗan maciji. Inda na buga cinya na yi gicciye. Aiki ya yi mini daɗi. Ban taɓa sa hannu a takarda ba sai da babban yatsa, yau ga ni ina rubutu, har na gyara zaman katina.

Can sai na ji na yi tari a na'ura. Na ce, "Tsaya. A sa alama."

Malama Asabe ta dube ni. "Iya, wannan ai tari ne. Cikin labarin yake?"

Na ce, "Yarinya, duk abin da ya fito daga bakina a ɗakin nan labari ne."

Ku ji fa abin da na faɗa. Da bakina, ina da hankalina, ban sha komai ba. Na zana wa tari ƙwarya a kife. Na zana wa jan hanci ƙugiya. Har ƙaras ɗin goro sai da na ba shi ɗigo biyu a jere.

Da muka iso wuraren da na yi shiru kuwa, sai na ce ta wuce da sauri. Ta ce, "A'a, Iya. Tunda har tari ya samu alama, shirun nan ma a ba shi tasa." Na ce shirun nan tuntuɓe ne, ba abin nunawa ba ne. Ta nace. Don dai ta ƙyale ni, na yi wani ɗan zagaye kamar bakin tulu, na ce, "Ki rubuta wai nan a jira yara." Ko kyau ban yi masa ba.

Muka kai wa Alhaji Sa'idu. Ya ɗaga takardar, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya cire tabarau.

"Malama Asabe, a ina kika shanya wannan kaji suka bi ta kai?"

"Ranka ya daɗe, alamomin Iya ne."

Na ce, "Yallaɓai, naku ba su isa ba ne, na ƙara muku."

Mutum ne mai kunyar manya, bai yi mini dariya a fuska ba. Ya ce, "Iya, ki bari a kai mai tsabta, mai aya da waƙafi. Gwaji sau ɗaya ne. In wannan ta faɗi, da labarin za ta faɗi, kuma ba ni da ikon dawo da shi." Na ce na ji, na ɗauki kasadar, mai alamomina za a kai. Malama Asabe ta rubuta ma'anar kowace alama a gefe, aka aika wa malamin ajin tun kafin ranar.

Ranar gwaji muka tashi da safe a motar ofis zuwa Gwiwa, ni a baya na sha sabon lulluɓi. Hanya duk gero ya kai ƙirji, an yi ruwa da asuba. Malamin, Malam Haruna sunansa, matashi ne siriri, sabon ɗauka, irin masu guge riga har ta yi kaifi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Iya, na haddace alamominki duka. Ba zan tsallake ko ɗaya ba." Na sa masa albarka. Da na san abin da ke tafe, da roƙonsa na yi ya tsallake.

Aka ba mu benci a bayan aji, ni da Malama Asabe da Alhaji Sa'idu da hedimasta. Malam Haruna ya fara. Sawun kaza, ya rage murya, yara suka miƙo wuya. Na taɓa Malama da gwiwar hannu. Maciji, ya ja magana. Na sake taɓa ta. Sai ya iso ƙwarya a kife. Ya tsaya, ya dafe ƙirji, ya yi tari. Ba tarin maza ba. Yaron nan ya zauna ya yi tunani, ya ce ai marubuciyar tsohuwa ce, ya ƙwaƙulo tarin tsofaffi mai kumfa daga can ƙasa. Ya ci gaba, bai yi layi biyu ba ya ja hanci. Ya sake tari. Ya iso ɗigo biyu, ya tauna iska, ƙaras ƙaras.

Aji ya fashe. Wata yarinya ta ruga randa ta kawo masa ruwa a moɗa. Hedimasta ya sunkuyo ya ce wa Alhaji Sa'idu, "Wallahi lafiya lau ya zo da safe." Wani yaro daga baya ya fara kwaikwayon tarin malamin, kafin ka ce me aji duka tari yake yi, kamar an turara barkono. Shi kuwa Malam Haruna gumi yake, amma bai saki takarda ba. Ya yi mini alkawari.

Na ja lulluɓi na rufe fuska. Ta ƙasan mayafi na hango Alhaji Sa'idu ya zaro biro ya cire murfinsa. Na san biron nan, da shi yake soke labari. Na ce a raina, Kaka ki yafe mini, na ɗauko labarinki daga Roni na kawo shi Gwiwa na kashe shi da majina.

Sai tsohuwa ta isa gaban dutse. Malam Haruna ya ce, "Dutse, dutse, ina ajiyata?" Ga bakin tulu. Ya yi shiru, ya ɗago kai yana kallonsu. Masu tari suka yi ta yi, ya ƙi motsi. Dariya ta ragu, ta ragu, ta ƙare, don yara ba sa jure babba ya zuba musu ido bai ce komai ba. Sai da aji ya yi tsit sannan ya ce, "Tana nan yadda kika bari."

Da aka sake zuwa wurin, ya yi tambayar ya yi shiru. Wasu 'yan gaba suka ce a hankali, "Tana nan yadda kika bari." Zuwa na gaba kuwa aji duka ya ɗauka, har 'yan aji huɗu suka leƙo ta taga. Tsakanin nan fa bai fasa tarinsa ba, amma yanzu yaran da kansu ke cewa, "Malam, ka sha ruwa ka ci gaba!"

Aka zo na ƙarshe, bayan an yi ruwa kwana da kwanaki a cikin labarin. "Dutse, dutse, ina ajiyata?" Shiru. Rabin aji suka fara, "Tana nan..." Sai yarinyar nan mai moɗa ta miƙe tsaye ta ce, "Ƙarya ne! Ruwa ya shiga! Ta tsiro!" Aji ya kaure da musu, masu cewa tana nan da masu cewa ta tsiro, har sai da malam ya buga tebur ya karanta musu yadda dutse ya tsage. Haka nan kakata take yi mana a Roni. Ta bar mu mu yi ta faɗa, tana tauna goronta. Ashe goron na riƙe, na manta da barin.

Na ɗaga mayafi. Biro ya koma aljihu.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka hango duwatsun Kazaure. Sannan Alhaji Sa'idu ya juyo ya ce, "Iya, labari ya shiga."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Da alamomina?"

"Da guda ɗaya. Zagayen nan."

"Sawun kaza fa, Yallaɓai?"

"Malami mai hankali zai rage murya da kansa."

Na kasa haƙuri. "To ƙwarya a kife?"

Direba ya kusa sakin sitiyari. Alhaji Sa'idu ya ce, "Iya, ita sai dai mu aika wa asibiti."

Haka aka buga. In kun buɗe littafin 'yan aji uku za ku ga ɗan zagaye nan da can, da bayani a shafin farko cewa malami ya dakata a nan har yara su amsa. Yanzu kowane labari namu ana sa masa, masu bugu suna kiransa bakin tulun Iya. An ce Malam Haruna kuwa har yau in ya shiga aji akwai mai yi masa tari daga baya. Duk sallah ina aika masa goro, don na san ni na ja masa.

To ku sabbi, abin da na koya ke nan a aikin nan. Mu masu ba da labari son muryarmu muke yi fiye da kima, har mu ɗauka majinarmu ma gwaninta ce. Masu bugu da malaman aji kuwa amana gare su mai ban tsoro: abin da ka ba su shi za su kai, ko da tari ne, saboda haka ku duba abin da kuke miƙa musu. Ni dai na yi wa takarda ado da duk abin da bakina ya iya, aka share, aka bar wurin da na rufe shi.

Malama, ajiye aya a nan. A'a, tsaya. Sa musu bakin tulu, mu ji abin da za su ce.