Tsohuwar da Ta Ƙi Faɗin Sunan Ɗanta a Arfa

Akwai wata ranar Arfa da har yau ba ta bar zuciyata ba, kuma ita nake fara ba ku labari duk shekara, ku sababbin ɗalibai, kafin mu taɓa darasin farko.

Lokacin ban daɗe da zama mataimakiyar malama ba a sashen shirin agajin gaggawa na jami'armu a nan Makka. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne muke horar da ɗalibai 'yan sa kai kafin Hajji. Muna kai su Mina tun tantuna na fayau, iska kaɗai ke yawo a cikinsu, su koyi fitar da jama'a daga cunkoso da sanyaya jikin wanda rana ta buga. Ranar tara ga Zulhajji kuma a rarraba su rumfunan agaji na filin Arfa, kowace rumfa da likitanta da malami mai lura da ɗalibai.

Tawa rumfar ta mata ce, a ƙarƙashin Dakta Samira. Bayan azahar rana ta tsaya cak, filin ya yi fari fat. Feshin ruwan da ke kan hanya yana tashi kamar hayaƙin turare, addu'o'i cikin harsuna iri-iri suna haɗuwa su zama murya guda. Ina tsaye ina saurare, sai ɗalibata Ruwaida ta ja hannuna.

"Ya Ustaza, wata Hajiya ce Bahaushiya. Ta manta sunan ɗanta. Dakta ta kira motar asibiti."

A ƙa'idar da muke koyarwa, duk wanda zafi ya kayar ana yi masa tambayoyi masu sauƙi: sunansa, inda yake, da wa ya zo. In ya kasa amsawa, ana ɗauka zafin ya taɓa ƙwaƙwalwa, sai asibiti ba jinkiri, domin jinkiri na iya kashe shi. Ruwaida ta bi ƙa'ida daidai. Kakanninta Hausawa ne, amma Larabci ya fi zama a bakinta.

Na tarar da tsohuwar a kwance, an lulluɓe ta da tawul mai sanyi. Ba katin shaidar alhazai a wuyanta. Na durƙusa na gaishe ta.

"Sannu Inna. Ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Ke kam Hausarki da gishiri. Waccan tata lami ce." Ta nuna Ruwaida da baki. Sannan ta damƙe hannuna. "Don Allah kar ku bari a ɗauke ni. Shekara da shekaru nake jiran yammacin nan. Yaron nan kuma yana can yana nema na, in aka kai ni wani wuri ina zai gan ni?"

Ta faɗi sunanta, Hajara, ta faɗi ƙauyensu a ƙasar Katsina. Ta ce igiyar katin ce ke cizon wuyanta, shi ya sa ta ba yaron ya riƙe mata, sai taro ya raba su wajen famfo.

"To Inna, ya sunan yaron?"

Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen bango.

"Kin gani?" in ji Dakta Samira da Larabci. "Nan take tsayawa kowane lokaci. Zafin jikinta yana sauka, amma uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, ba zan iya barin ta a nan ba."

Ni kuwa wannan jan mayafin ya mayar da ni Tandabawi, unguwarmu ta Hausawa a nan Makka, ɗakin kakata mai ƙamshin sandal. Har ta rasu ban taɓa jin sunan mahaifina, ɗanta na fari, a bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "uban 'yan nan", alhali in ya makara da dawowa ita ce ke zaune a bakin taga.

"Inna, ɗan fari ne?"

Ta gyaɗa kai a cikin mayafi.

Na bayyana wa Dakta cewa a wajen iyayenmu mata, kama sunan ɗan fari rashin kunya ne. Ta dube ni, ta dubi tsohuwar.

"Na yarda da ke, amma ni hujja nake so. Ki samo min sunan daga gare ta kafin motar ta iso. In ba haka ba, shi ke nan, za ta tafi."

In na yi kuskure, ran mutum ne. Na matsa kusa da kunnenta.

"Inna, ba sai kin faɗa ba. Sunan wa ya ci?"

Na jiyo jiniyar motar daga nesa. Can ta ce a hankali, kamar mai karanta addu'a, "Annabin nan da kifi ya haɗiye."

"Yunusa?"

"Ke kika faɗa, ba ni ba. Ja'ira."

Da na fassara, Dakta Samira ta yi dariya har ta dafa ƙirji. Ta sake auna ta, ta yi mata wasu tambayoyin, duk ta amsa. Ta ce a bar ta a rumfa ƙarƙashin kulawa, motar kuma ta ɗauki wata maras lafiya da ta fi bukata. Ruwaida ta kira ofishin alhazan jihar Katsina, aka yi cigiyar Yunusa ɗan Hajara a lasifika.

Bayan la'asar ya iso bakin rumfa, dattijo mai furfura a gemu, haraminsa ya jiƙe da gumi, takalmi ɗaya a ƙafa, katin uwarsa a hannu. Ya durƙusa yana kuka. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta dubi rufin tanti ta ce mana, "Ku ba yaron nan ruwa, ya sha rana."

Muka sa mata kujera a inuwar bakin rumfa. Nan ta ɗaga hannuwa har rana ta yi ja ta faɗi, shi yana tsugune a bayanta yana yi mata fifita da kwali.

Bayan Hajji sashenmu ya zauna a kan lamarin. Ba a soke tambayoyin ba, domin suna ceton rai. An dai ƙara darasin da kuke zaune a cikinsa yanzu, inda ɗalibai daga kowace al'umma suke gaya mana abin da tsofaffinsu ba sa faɗa, da abin da ba sa yarda a taɓa. Ruwaida ce ta fara koyar da shi tare da ni.

Abin da na koya shi ne, jami'a na iya ba ku ma'aunin zafi da ƙa'idar aiki, kuma dole ku riƙe su da kyau. Amma mutanen da za a kwantar a gabanku daga gidaje suka fito, da kunyarsu da tarbiyyarsu. In wata ta yi shiru ta ja mayafi, ku auna jikinta, sannan ku durƙusa ku tambaye ta sunan wa ya ci.