Shuɗi a Kan Tsanwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ɗaukaka wani sashe a kan wani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa.

Da mahaifinmu ya rasu, ni na raba gonarsa ta bakin tabkin Madarumfa tsakanina da ƙanena, domin na karanta ilimin rabon gado. Aka ce babba ya fara zaɓa, kamar yadda aka saba. Na ɗauki tudu, inda ruwa ba ya cin gero, na bar masa gangare, inda ruwan damina ke kwanciya.

Bayan wasu shekaru, wani malamin gona ya zo daga Maraɗi da labarin za a gina wa masu lambu rijiyoyin siminti. Ya shimfiɗa taswira a zauren mai gari. Layuka ne siri-siri masu zagaye juna. Ya ce kowane layi yana bin ƙasa mai tsayi ɗaya. Ya ɗora wata takarda shara-shara da aka shafa wa tsanwa, wato inda ƙasa ke da kyau. A kanta ya ɗora wata mai shuɗi, inda ruwa ke kusa. Ana hango layukan ta cikinsu duka. Inda launukan biyu suka hau juna wurin ya yi duhu, kuma nan kaɗai za a haƙa.

Gonata tsanwa ce zalla. Ta ƙanena tana tsakiyar duhun.

Na daɗe ina kallo. Ni da na ƙare ƙuruciya a kan littattafai, ga mutumin da bai wuce ƙananan surori ba, launi ya zaɓe shi. Na tambayi malamin ko ba zai ƙara shafa shuɗin ba, ya ɗan hauro. Ya amsa da ladabi cewa hannunsa na iya ƙara launi, amma ruwan ba zai biyo shi tudu ba, kuma in shafin ya yi kauri layukan za su ɓace, taswirar ta lalace.

Ƙanena ya yi dariya, ya ce, “Yaya Malam, ai kai ka yi rabon, kai ka zaɓa. Ko akwai babin sake zaɓe a littafin?”

Zauren ya ɗauki dariya. Na ce masa rabon ya inganta, babu gyara.

Aka gina masa rijiya. Rani ya yi, gonarsa ta yi shar da albasa da salak, tawa kuwa sai kara. Ya riƙa aiko mana da kayan miya, uwargida tana yabawa, ni kuwa ina ci kawai. Daga baya na sake hanyar zuwa gonata, na riƙa zagayawa ta bayan kuka, don kada in wuce ta bakin rijiyar. Har ƙafa ta gaza, ta nan nake bi.

Allah Ya sanya albarka ga mai karanta wannan, Ya wadata gidansa da ruwa da abinci da kwanciyar zuciya. Amin.