Sodangi Mai Laimar Shugaban Ƙasa

Duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin tashar Kusada ya san Kofur Sodangi, ko yana so ko ba ya so. Dogo ne siriri, da tsohuwar hular soja wadda ba ya rabuwa da ita ko a wurin zanen suna. Mutumin Dudunni ne. Ubansa manomi, kakansa manomi, shi kaɗai aka haifa a gidan da ciwon bayan da ba ya tashi sai da damina. Da ya ga fartanya ba za ta ƙyale shi ba, sai ya shiga soja, ya bar amaryarsa Zuliha da tsohuwarsa da awaki biyu.

A shekarun da ake kwasar sojojinmu ana kai su ƙasashen bakin teku rabon faɗa, da shi aka tafi. Ƙasar da aka kai shi yaƙin basasa ya gama cinye ta. Sodangi bai harba ko harsashi ɗaya ba a can. Tsayinsa ne ya yi masa rana. Ruwan sama ba ya ɗaukewa a ƙasar, shugaban da aka ba su gadi kuma yana bukatar wanda zai riƙe masa laima daga ƙofa zuwa mota. Aikin Sodangi ke nan a yaƙin, kuma da shi yake ta cin abinci har yau.

Zuliha ta ji labarin shugaban nan har ta fi mai ba da shi iyawa. Malamin makaranta ne, mai tabarau da taushin murya. Madugan 'yan tawaye ne suka yi taro, kowa ya ƙi yarda ɗan'uwansa ya hau, sai suka ɗauko malamin saboda babu mai jin tsoronsa. Mulkinsa daga otal ɗin da yake kwana ne zuwa tashar jiragen ruwa. Bayan gadar bakin birni ko kare bai san sunansa ba. Amma ya daɗe a kujera, kuma Sodangi ya ce ya san sirrin. Mutumin ba ya haɗa madugai biyu a ɗaki ɗaya. Na safe ya zo neman kujerar minista, ya ce ya ba shi. Na yamma ya zo neman kujerar nan dai, ya ce ai dama tasa ce. Kowa ya fita yana murmushi, su koma daji su ci gaba da kashe 'ya'yan talakawa a kan abin da aka ba su su biyu.

"Da bakinsa ya ce mani, Kofur, kada ka ce wa mutum a'a," haka Sodangi yake faɗa wa masu shan shayi. "Ba shi abin da ya zo nema. Kafin ya farga Allah ya kawo wata."

Zuliha ba ta yarda shugaban ƙasa ya taɓa ce masa ko sannu ba. Mai laima a baya yake tsayawa, ƙeya yake gani. Ta kuma lura duk ranar da aka tambaye shi yadda shugaban ya ƙare, sai ya tuna bai yi alwala ba. Wani tsohon saje na Kankia ne ya ce mutumin ya mutu a gidan haya a ƙasar wasu, ba a ma sami mai neman gawarsa ba.

Da aka sallami Sodangi ya dawo da rediyo da akwatin ƙarfe da baki. Ya yi gadi, aka kama shi yana barci. Ya yi acaba, ya zuba wata mai jego a kwalbati. Gonarsa ta gado sabara ta cinye. Abin da ya riƙe gidan shi ne gayaunar Zuliha, 'yar gonar da ta gada wurin ubanta a gefen burtali, hanyar da shanu suke bi zuwa mashaya. Wake take shukawa a cikin gero. Da waken nan ake sayen gishiri da sabulu, da shi gidan yake ƙetare bazara. Bana waken ya yi kyau irin wanda ta daɗe ba ta gani ba, sai dai ta yi shuka a makare, ya yi 'ya'ya bai bushe ba.

Ana cikin haka ƙaramar hukuma ta ce kowace mazaɓa ta kafa kwamitin sulhu tsakanin manoma da makiyaya. Masu hankali duk suna gona wajen girbi. Sodangi kaɗai ne ke zaune a inuwa, sai ya zama ciyaman.

Babban aikin kaka shi ne sa ranar sakin gonaki, ranar da shanu za su bar burtali su shiga su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki. Tun kaka da kakanni mai unguwa da arɗo ke zama a tabarma ɗaya, a duba wanda amfaninsa ya rage, a yanke rana ɗaya, mai shela ya zagaya. Sodangi ya ce wannan aikin duhun kai ne, haɗa abokan gaba a tabarma ɗaya shi ke jawo yaƙi, a bar masa. Mai unguwa Abdulrauf yana fama da hawan jini, ya bar masa.

Ya tara manoma a ƙofar masallaci, ya ce saniya ba za ta taka gona ba sai sabon wata ya tsaya. Aka yi masa godiya da dammunan gero. Kashegari ya hau mashin zuwa rugar Arɗo Yakubu, ya dawo da rago da ƙwaryar man shanu. Ya ce wa Zuliha girmamawa ce irin ta manya. Kafin la'asar an yanka ragon.

Abu ɗaya Sodangi ya manta. Madugan shugabansa ba sa gaisawa sai da bakin bindiga. A Dudunni kuwa kullum hantsi matan ruga na cikin gidajen manoma, suna ba da nono suna karɓar gero, suna zuba labari.

Adda Kubura, matar ƙanen arɗo, ta yi sallama ta sauke ƙwarya a gindin turmi.

"Kaɗo, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jiran ki riga ni in gaji ludayin. Nonon yau ruwa nawa ya sha?"

"Ruwan da saniya ta sha. Ke, na biyo ta gayaunarki. Waken nan ɗanye shar, yaushe za ki rore shi kafin Juma'a?"

"Mi za a yi Juma'a?"

"Sakin gonaki mana. Mijinki ya ce ana saukowa masallaci mu kora. Har arɗo ya aika wa 'yan'uwanmu na wajen garin Ƙofa su matso."

Zuliha ta biya nononta. Ta sami Sodangi a zaure yana sakace naman rago a haƙori.

"Kofur, rana nawa ka sa?"

"Wannan maganar gwamnati ce."

"Maganar wakena ce. Ka ce wa masallaci sabon wata, ka ce wa ruga Juma'a."

"Ke ba ki san siyasa ba. Kowa ya tashi da farin ciki. Kafin Juma'a Allah zai kawo wata."

"Shanu zai kawo."

"To sai a zauna teburin sulhu. Aikin kwamiti ke nan."

Ta dube shi. Shekara da shekaru tana rufa masa asiri, tana cewa ciwon baya ne, tana cewa yaƙi ne ya taɓa shi. Tona miji a gaban gari ba ƙaramin abu ba ne, za a daɗe ana nuna ta da baki a gidan biki. Amma bakin mata ba ya hana tukunya tafasa, rashin wake ke hanawa. Ta yafa mayafi, ta cim ma Adda Kubura a lungu, ta ja ta har gidan mai unguwa.

"Hawwa, ga nono mai kyau," ta ce wa matar gidan. "Adda, faɗa mata abin da kika faɗa mani. Ɗaga murya, mai gidan na ɗaki."

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan mai unguwa. Arɗo Yakubu ya zo da sandarsa, manoma suka zo da nasu fushin. Aka aika kiran ciyaman, aka tarar tun da safe ya hau acaba zuwa Kankia, wai ana tantance 'yan fansho. Arɗo ya ce ragonsa fa? Wani manomi ya ce geronsa fa? Mai unguwa ya ce su bar wa Allah, sun sayi hankali. Ba a daɗe ba aka yanke rana ɗaya, sai wake ya bushe, mai shela ya zagaya.

Sai dai shela ba ta kai wajen Ƙofa da wuri ba. Garke ɗaya na baƙin da aka aika wa ya iso ranar Juma'a a kan maganar Sodangi, kuma gonar farko a gefen burtali ta Zuliha ce. Kafin a kore su sun share gefen gabas kaf. Da ta kai ƙara, arɗo ya ce shi ba ya biyan ɓarnar da mai gidan gonar ya ba da izininta da bakinsa. Ba ta yi musu ba. Gaskiya ya faɗa.

Sodangi ya dawo bayan ƙura ta lafa, yana ba da labarin yadda ya janye jiki da gangan don ɓangarorin su sasanta kansu. A tashar Kusada har yanzu akwai masu saya masa shayi su saurara. A gida kuwa ya tarar da Zuliha ta fito da buhuna biyu, sauran waken ya bushe. Ta miƙa masa ɗaya.

"Roron wake aikin mata ne," in ji shi.

"Aikin masu ci ne."

"Bayana fa?"

"Durƙusa. Gwiwarka lafiya lau take."

Ta sa shi a gaba suka bi ta tsakiyar gari da rana tsaka. A kunyar da ke kusa da burtali ta ajiye shi, inda masu wucewa za su gan shi da kyau, ta ce kada ya bar mata ko kwanso ɗaya a ƙasa.