Bishiyar Fure Ba Ta da Reshen "Da Sauƙi"

Fure ta tsufa a ɗan asibitin unguwa a Kontagora. Ita ce mai awon yara, ita ce mai allura, ita ce kuma mai shan zagi idan magani ya ƙare. 'Yar Salka ce, ba ta da yawan magana.

Wata shekara masu bincike suka kawo wani zane suka manna mata a bango. Bishiya suke kiransa, don rassa gare shi. Kowane reshe tambaya ce: yaro na shan nono? Zazzaɓin ya daɗe? Amsa e ko a'a, kana bi har ka kai ga hukunci, a ba da magani ko a tura babban asibiti. Fure ta yi murna. Ta gaji da ɗaukar laifi ita kaɗai.

Rannan Bashira ta zo daga Mashegu a kan babur, da ɗanta na fari ba lafiya, uwar mijinta na biye. Fure ta tambaye ta ko yaron na shan nono. Bashira ta sunkuyar da kai, ta ce, "Da sauƙi." Wace yarinya ce za ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban suruka? Fure ta san wannan kunya sarai, amma layi ya kai bakin ƙofa, bishiyar kuma e ko a'a kawai ta sani. Ta bi reshen e, ta ba su magani, suka koma.

Da suka dawo, yaron na jijjiga. Ya rayu, amma har yau kunnensa ba ya ji.

Da Malam Abdulmalik, shugaban binciken, ya zo zagaye, ta faɗa masa. Ya saurara, ya yi jimami, ya ce bishiyar tana dacewa a yawancin yara, kuma tambaya ɗaya idan ta kauce, duk rassan da ke ƙasanta sun kauce.

"To Malam, ku ƙara mini reshen da sauƙi."

Ya ce sai an sake wani binciken.

Ba a sake ba. Zanen na nan, ya koɗe. Fure na binsa, amma yanzu idan uwar yaro ta zo da suruka, sai ta ce wa surukar, "Iya, ɗan ba mu wuri," ta rufe ƙofa, sannan ta fara tambaya.