Janwen da Ke Shiga Lungu

Duk wanda motarsa ta taɓa mutuwa tsakanin Gwammaja da Gwale ya san ƙofar gidan Maharazu. Direban babbar mota ne a da, har ciwon baya ya raba shi da doguwar hanya. Sai ya sayi tsohuwar a-kori-kura, masu walda suka ɗora mata ƙarfe da sarƙa, ta zama janwe. Shekara goma sha bakwai yana jan motocin mutane da ita, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, motoci suka cika gari, 'yan janwe ma suka yi yawa. Kowa ya sami igiya da akwalar mota sai ya shiga sana'ar. Su ɗaura igiya a bamba su fizga, bamba ta biyo su, mota tana nan inda take. Da ƙorafi ya yi yawa hukuma ta sa doka: ba mai jan mota sai da rajista, wanda aka kama kuma a ƙwace motarsa.

Maharazu bai yi gardama ba, don shi ma ɓarnar ta ishe shi. Ya wanke motarsa ya kai. Jami'in da ke dubawa, Malam Sadiƙ, ya zagaya ta sau ɗaya.

"Baba, doka ta ce babbar mota mai ƙugiyar ɗagawa. Wannan ko akuya ce ta turje mata ai sai ta tsaya."

"Ka taɓa ganinta tana aiki?"

"Ba sai na gani ba. Je ka ajiye ta. In na gan ta da mota a bayanta, ta zama ta hukuma."

Kwana tara tana ajiye. Matarsa Turai ta ce ba ta taɓa ganin mai wanke motar da ba ta zuwa ko'ina kullum safiya ba sai shi.

A rana ta goma da hantsi, Sabo, wani tela daga Gwale, ya zo yana haki. An yi rasuwa a lungunsu, an sa jana'iza ƙarfe sha ɗaya. Bas ɗin 'yan ta'aziyya ta kutsa ciki, tayarta ta baya ta rufta kwata, ta toshe hanya daga bango zuwa bango. Lungun ba ya ɓullewa, makara ba ta da wajen bi. An kira babbar janwe mai rajista, ko hancinta bai shiga ba.

"Jami'in nan yana wurin, shi ya rako ta," in ji Sabo. "Kada ka ce na ɓoye maka."

Turai ta leƙo daga soro. "Malam, ita kaɗai gare mu fa."

"Na sani. Miƙo min makulli."

Da ya isa bai kalli kowa ba. Ya sauko da wata gora da ya yanke daidai faɗin motarsa, ya bi lungun da ƙafa yana gwadawa. Wajen wani dakali ya ga yatsa huɗu ne kawai ya rage. Ya kwance maduban motarsa biyu, ya shiga da baya, a hankali, har ya kai ga bas ɗin. Ya kwanta cikin ruwan kwata da kayansa, ya kafa jak, ya zura katako biyu a ƙarƙashin tayar, ya ɗaura sarƙa a shasi, ƙarfen ƙasan bas ɗin.

"A tura ne, Baba?" samarin unguwa suka tambaya.

"Kowa ya sauke hannunsa. Ku ne kuka tura ta ciki tun farko."

Ya ja. Tayar ta hau katako, bas ta biyo shi har bakin titi, ko fenti bai goge ba. Sha ɗaya saura minti goma aka fito da makara. Bai shiga sahu ba, don kayansa duk ƙazantar kwata ce. Ya tsaya gefe ya yi wa mamacin addu'a.

Malam Sadiƙ ya matso. Kafin ya buɗe baki Maharazu ya miƙa masa makulli.

"Ka gan ta da mota a bayanta. Ga ta."

"Baba, doka ce."

"Ban ce ba doka ba ce."

Da ƙafa ya koma Gwammaja. Bai je roƙon kowa ba, ya kuma hana mai unguwarsu zuwa roƙar masa. Abin da za su gani sun gani, in ji shi.

Kwana shida bayan haka aka aiko ya je. Malam Sadiƙ ya rubuta wa manyansa abin da ya gani da idonsa, an yarda a yi wa ƙananan janwe rajista daban, bayan an gwada direba a lungu. Ya miƙa masa takarda da makulli.

"Amma cikin badala kaɗai, cikin tsohon birni, Baba. Kada ka fita Ƙofar Mata da mota a bayanka."

"Can ai titi ne, ku bar wa manyan janwe. Ina kuka ajiye ta?"

"Tana baya, a rana."

"A rana," in ji Maharazu, ya girgiza kai, ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya nufi bayan ofishin.