Dogon yaron da ba shi ba

Shekarun baya can, farkon tarewarmu a gidanmu na Mitchellville a ƙasar Amurka, na hango wani ɗan tsiro a bakin dajin da ke bayan gida. Ganyensa sak na dogon yaro. Ni da na tashi a Kaduna ƙarƙashin inuwarsa, ai sai kewar gida ta taso min. Na ɗauko shebur, na tono shi, na dasa kusa da ƙofar kicin. Ƙayarsa ta soke ni har jini, amma don son zuciya na ce ai dogon yaron Amurka ne, sanyi ne ya sa shi fito da makami. Kafin mako ya zagayo na baza labari har gida Najeriya.

Da hunturu ya shigo ganye ya zube tas, ya bar min sanda tsirara mai ƙaya. Maigidana ya samu abin tsokana, kullum sai ya tambaye ni lafiyar gonata. Haushi ya sa na kai hotunansa na lokacin da yake da ganye wurin masu sayar da tsirrai. Wani dattijo ya duba, ya ce ba daga ƙasarmu ya zo ba, ɗan dajin nan ne, dangin tsiron nan mai naɗe bangon tsofaffin gidaje. Suna ce masa sandar shaiɗan. Ya nuna min cewa abin da nake ɗauka reshe ne, ganye ɗaya ne da ya rarrabu sau biyu, kuma har a jijiyarsa akwai ƙaya. Dogon yaro kuwa ba shi da ƙaya ko ɗaya. Na dawo jiki a sanyaye, amma ban cire shi ba, na riga na saba da shi.

Ganye ya dawo, uwar mijina ma ta iso daga gida don ta taya ni renon ɗanmu, ɗan shekara biyu. Labarina na farko ne a kunnenta, gyaran bai kai mata ba. Wata rana na dawo aiki na tarar da yaron jikinsa zafi zau, tukunya a kan wuta, Mama tana fifita ruwan ganye a kofi.

"Mama, wane ganye ne wannan?"

"Na ƙofar kicin mana. Da shi na raini ubansa."

Ban taɓa musu da ita ba, ko ido ba na iya haɗawa da ita. Amma na durƙusa, na sa hannu biyu na karɓe kofin. Na ce, "Ki gafarce ni Mama, ba dogon yaro ba ne. Ban san abin da zai yi masa ba, kuma ba a cikinsa za mu gwada ba."

Ta ce, "Yau ni za a koya wa dogon yaro?"

Na kai yaron asibiti, ashe ciwon kunne ne. Ya warke, amma in na gaida Mama sai ta amsa da ka kawai. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

A watan Agusta itacen ya yi huda, fararen furanni cunkus a samansa kamar an kifa faifai, ƙudan zuma har ba a jin magana. Na ga Mama ta daɗe tsaye a gabansa, ta murza ganye ta sansana, ta shafa ƙayar.

Ran wata Asabar wata 'yar garinmu ta zo da leda, wai a sam mata ganyen dogon yaro. Ina kicin na ji muryar Mama.

"Ajiye ledar nan, ba shi ba ne. Dubi ƙaya, dubi huda. 'Yata ce ta gane shi, ita ta hana ni shayar da jikana."

Na yi karatu, na karɓi takardu, amma ban taɓa jin kaina ya kumbura irin na ranar ba. Abin da na riƙe shi ne, girmama babba bai hana a karɓe kofi daga hannunsa, in dai a durƙushe aka karɓa. Mama ta rasu bara, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake kirana matar ɗanta ba.